Ƙwan Zabin Inna

Inna ta zo Gure da abu biyu: ƙunshin kaya guda, da ƴar ƙwarya a kan cinya. Ƙunshin ta yarda aka jefa shi bayan mota tare da buhunan mutane. Ƙwaryar kuwa, tun daga ƙauyenmu da ke bayan Kelle har muka sauka tasha ba ta bar kowa ya taɓa ba, har ni ɗin da na je ɗauko ta. Da hannun dama ta rungume ta, don na hagu ya riga ya daina aiki. Duk inda mota ta faɗa rami sai ta ɗaga ƙwaryar sama ta galla wa direba harara, shi kuwa bawan Allah bai san laifin da ya yi ba. Ƙaiƙayin gero ne a ciki, a cikin ƙaiƙayin kuma ƙwan zabi bakwai.

A ƙarshen bazarar shekarar ne ta faɗi a tsakar gida ita kaɗai. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, ƙanena yana can arewa wajen neman abinci, ni kuma ina aure a Gure. Tun la'asar take kwance a ƙasa, ba a gan ta ba sai washegari da hantsi, da wata mata ta shiga aron rariya. Ta yi kwanaki a likitar Kelle, wato asibiti, ta tashi da shanyewar ɓarin jiki. Majo, babban ma'aikacin wurin, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce tansiyo ne, hawan jini, dole a riƙa auna ta kowane sati, kuma kada a sake barin ta ita kaɗai, don in ta ƙara faɗuwa ba kowa kusa, sai dai a zo mana gaisuwa. Da kuka da roƙo na samu ta shiga motar nan.

Zabin Inna farare ne tas, ba masu zane irin na kowa ba. Kakata ce ta ba ta zabo da zabuwa ranar da aka kai ta ɗakin miji, kuma tun daga nan irin bai yanke ba. Da kukansu na tashi, da ƙwansu aka saya mini takalmin zuwa lakwal, makarantar boko. Amma yayin da take kwance likita ba mai kula da su. Wasu ciwo ya kashe, wasu karnuka, wasu kuma Allah kaɗai ya san tukunyar da suka shiga. Zabuwar ƙarshe gashinta aka tsinta a gindin magarya ana gobe zan zo, ga gurbinta a gefe da ƙwai a ciki. Abin da ya rage ke nan.

Ranar da muka iso, ko ruwa ba ta gama sha ba ta ce da ni, “Nemo mini kaza mai kwanci.”

Na ce, “Inna, ki huta tukuna.”

Ta ce, “Ƙwai ba shi jiran hutun kowa. Ki saurara da kyau, ɗiyata. Zabo ba shi barin gidan da ya buɗe ido. In sun ƙyanƙyashe a nan, nan ne gidansu, inda suke kuwa nan nake. In ba su fito ba, ki sa ni motar Kelle. Ba ni zama gidan suruki in ci in kwanta, ba abin da zan tashi dominsa da safe.”

Wanda bai san Inna ba zai ce maganar tsofaffi ce, gobe ta manta. Ni na san ta. Inna ba ta magana biyu. Ƙunshin kayanta ma ba ta kwance ba. Ta sa aka ajiye shi bakin ƙofar ɗakin da na gyara mata, in tana son zane sai ta zaro ɗaya ta sake ƙulle shi da haƙori da hannu guda. Ga akwati na share mata, ko kallonsa ba ta yi. Duk shigar da zan yi ɗakin sai na tsallake ƙunshin nan, duk tsallakawa kuma sai in tuna maganarta.

A wajenmu ba mai barin zabuwa ta kwanta wa ƙwanta in yana son ya ga ƴaƴa. Uwar banza ce, sai ta ja su cikin raɓa su ƙare. Kaza ake sa wa. To, kajina uku ne a lokacin, kuma ukun nan ba mai niyyar kwanci a cikinsu. Su yi ƙwai, su cika unguwa da kyarkyara, su kama yawo. Na kama su ɗaya bayan ɗaya na kifa musu kwando a kan gurbi, suka tsaya a tsaye suna kallona.

Mai kwanci ɗaya ce a layinmu, ta maƙwabciyata ce, wadda katanga kaɗai ta raba mu. Mijinta ya rasu, tana suyar wainar tsala da safe a ƙofar gida. Ta girme ni, Yaya nake ce mata, amma ba ma shan inuwa ɗaya sosai, tun wata damina da muka yi ka-ce-na-ce a kan ruwan indararonta da ke zuba mini a madafa. Da sanyin shekarar ciwon kaji ya share mata akurki, ya bar mata wata ƴar jar kaza guda. Ita ce ta kwanta a kan ƙwanta biyar, kwana biyu ko uku kafin mu zo.

Aron kwanci ba baƙon abu ba ne. A kwashe ƙwan kazar, a zuba na zabi, mai aro ya ci da ita har ta ƙyanƙyashe, a ba mai kaza ɗan zabo ɗaya. Na haɗiye girman kaina na yi sallama. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Don Inna, na yarda. Amma ba a taɓa mini ƙwai. Ki zuba naku a kan nawa.”

Na ce, “Yaya, kin fa san na kaza sati uku ne, na zabi huɗu. Naki na fitowa za ta tashi ta bar namu.”

“Awo, na sani. To in zubar da nawa don na uwarki? Su ke nan gare ni ni ma.”

Na dawo ina huci na gaya wa Inna. Ta ce a kai su. In ƴan tsakin sun fito sai a ɗauke su a raine su a hannu, kaza ta ci gaba da kwanci har namu su fito, sannan a haɗa mata duka. Maƙwabciya ta ce ta ji, Allah ya kai mu. Yadda ta faɗi “Allah ya kai mu” ɗin nan bai kwanta mini ba.

Akurkinta wani tsohon zana ne da aka jingina da katanga, iska ɗaya ta ishe shi. Ban yarda da shi ba. Maigidana tela ne, ba magini ba, amma da yamma ya tattara guntayen bulo ya yi ɗan tudu a gidanta ya cika da yashi, don ruwan Gure in ya sauko gudu yake a tsakar gida. Na kawo wata randa tawa da bakinta ya ɓare, muka kwantar da ita a kan tudun, muka barbaɗa toka saboda ƙuma, muka shimfiɗa ƙaiƙayi. Bayan magariba, da idon kazar ya rufe, muka mayar da ita ciki da ƙwanta da namu. Ta yi ɗan gunaguni, ta buɗe fukafukai ta tattare su duka. Muka samo guntun kwano da dutse na toshe baki saboda muzuru da maciji.

Majo ya ce Inna ta riƙa tattaki, ni kuma na yi na yi ta ƙi. Sai ga shi safe da yamma tana dogara sanda, tana jan ƙafa, ta fita ƙofarmu ta shiga ta maƙwabciya. Tafiyar da yaro zai yi kafin a ƙifta ido, ita sai ta tsaya hutu a hanya. Ta zauna gaban randa ta watsa tsaba, ta yi ta yi wa kazar magana da Barbarci. Na ce, “Inna, wannan kazar Bahaushiya ce, ba ta jin ki.” Ta ce ta fi ni ji. Kafin sati ya zagayo sun saba da maƙwabciya, har tana ajiye mata tsalar farko. Albarkacin kaza ƙadangare ke shan ruwan kasko, ni ma sai aka fara amsa gaisuwata da fara'a.

Ni dai hankalina bai kwanta ba ko rana ɗaya. In hadari ya haɗu daga gabas, sai in bar tukunya a wuta in ruga da tabarma in rufe randa. In kazar ta fito shan ruwa ta daɗe tana birgima a ƙasa, ji nake kamar in ɗauke ta in dasa a gurbi. Wani lokaci in tsaya ina kallon ta, ƴar mitsitsiya, ƙirji duk ya tuje, in ce wai yau ran uwata a ƙarƙashin wannan yake.

Wata safiya maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga, bakinta har kunne. “Sun fara fitowa!” Na ce barka, tunanina kuwa na kan namu ƙwan. Huɗu suka fito cikin biyar ɗin. Muka jira suka bushe, da yamma na zura hannu cikin randa. Kazar ta sare ni har jini, amma na kwaso su. Muka sa su a karto, irin kwalin kaya, da auduga, muka kai ɗakin Inna.

Abin da ba mu lissafa ba, bangon ɗakin Inna shi ne katangar maƙwabciya. Ƴan tsaki suka fara tsiyu-tsiyu, sai muka ji uwar ta amsa daga can. Maƙwabciya ta ƙwala kira, “Ta miƙe! Ta miƙe tsaye a kan ƙwan!” Na suri karton na yi ɗakin maigida da shi, wanda ya fi nisa, na rufe taga na rufe ƙofa. Duk da haka tana jiyo su. Sai maigidana ya kunna radiyo ya ƙure murya. Da ƙyar ta koma ta kwanta. Daga ranar radiyon nan bai huta ba, in wutar kuran ta ɗauke mu sa batir. Inna ta tare a ɗakin, a zaune kusa da karto da ɗan kaskon garwashi, tana jiƙa musu tsaki, tana tsoma musu baki a ruwa ɗaya bayan ɗaya, labaran duniya na ta zuba a kanta.

Kowace safiya maƙwabciya na gama suya take shigowa ta ga ƴan tsakinta. Rana ta huɗu an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Ta shigo ta tarar da uku kaɗai da rai. Na huɗun ya miƙe ƙafa a lungun karto, ɗaya cikin ukun kuma ya saki fukafukai yana gyangyaɗi. Ta ɗauki mataccen a tafin hannu, ta daɗe tana kallonsa.

Ta ce, “Zan mayar da su wurin uwarsu.”

Na ce, “Yaya, ki yi wa Allah. Kwana nawa ya rage? Ko sati bai kai ba.”

“Kafin satin su ƙare ke nan.”

Ina da baki, kowa ya sani, kuma ranar tsoro ne ya cika ni har wuya. Na ce, “Don ƴan tsaki uku? In sun mutu ni zan je kasuwa in sayo miki goma!”

Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “To ke ma ki je Gidigir ran kasuwa ki sayo wa Inna ƙwan zabi, kwando-kwando ake kawowa. Mi ya hana ki?”

Sai na tare ƙofa da jikina. Ba zan manta ba, radiyo na ta surutu, ita riƙe da karto, ni hannu biyu a jikin ƙofa. Sai Inna ta ce, “Kauce ki ba ta hanya.”

“Inna, kin san abin da kike faɗi?”

“Na sani. Nata sun buɗe ido, suna kallonmu. Kauce.”

Na kauce. Maigidana ya miƙa hannu ya kashe radiyo. Cikin shirun nan muka ji ta kan katanga lokacin da aka sake wa kazar ƴaƴanta, muka ji irin kiran da take musu, muka ji ta fito tana tono. Ban taɓa tsanar wata halitta yadda na tsani kazar nan a wannan lokacin ba, alhali ba abin da ta yi sai abin da kowace uwa za ta yi. Jim kaɗan sai ga maƙwabciya ta dawo, ta naɗe ƙwan a gefen zanenta ta manna a ciki. Ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba, ta durƙusa gaban Inna. Ta ce, “Ga su da ɗuminsu, Inna. Ki yafe mini.” Inna ta ce ba ta yi mata komai ba.

Na yafa mayafi na fita. Ba gidan da na san ana kiwo ban shiga ba. Wata tata ta ƙyanƙyashe shekaranjiya, wata an yanka, wata ta ce in dawo bayan sati. Aka kwatanta mini wani mai injin ƙyanƙyasa can bayan tasha, na je, ya nuna mini injin a rufe da buhu, ya ce da wannan ɗauke-ɗauken kuran ko nasa ƙwan bai yarda ya sa ba. Na dawo bayan azahar, yashi ya gasa mini ƙafa. Ina shiga, ƙunshin kayan na fara dubawa. Yana nan bakin ƙofa, an ma ɗora masa sandarta a kai.

Inna ta ce in kawo ruwa mai ɗumi a ƙwarya, ɗumin da za a yi wa jariri wanka. Ta sa ƙwan ciki ɗaya bayan ɗaya, muka zuba ido ba mai numfashin kirki. Huɗu suka yi lamo a saman ruwa. Uku kuwa, da ruwan ya natsu, sai ga su suna ɗan karkaɗawa da kansu. Ta tsamo su da sauri ta goge da zane. Huɗun ta ce in kai can nesa in binne, baragurbi ne.

Sannan ta nuna hannunta na hagu da haɓa. “Ɗaga mini wannan malalacin.”

Na ɗaga ban san nufinta ba. Ta naɗe ƙwan ukun a ɗankwali, ta cusa su a hamata, jikin haƙarƙari, ta ce in sauke hannun a hankali.

“Tunda ya ƙi daka ya ƙi tuƙi, sai ya yi kwanci. Shi ba shi motsi, ba shi fasa su.”

Na ce mata ciwon ya taɓa mata kai. A gabanta na faɗa. Ta ce ta ji, in je in ɗora girki. Maigidana ya tafi shago, da yamma ya dawo da wata ƴar jaka da ya ɗinka da ƙyallaye, ya cusa mata auduga ya sa igiyar ratayawa a wuya. Inna ta jujjuya ta, ta sa masa albarka. Ni ko kallo ban ishe ta ba.

Daga nan ta daina kwanciya. Muka jera mata matasai a jikin bango, a nan take wuni a nan take kwana, don ta ce in ta kwanta barci zai juya ta a kansu. Safe da yamma ta zura hannun dama ta jujjuya su. In za ta kewaya ko za ta yi alwala, ni ke karɓar jakar in manna a cikina, tana daga can tana ce mini kada in tsaya a iska. Kwana biyu ƙafafunta suka kumbura sumtum. Idonta ya yi ja, na kan kama ta ta dafe ƙeya, in na tambaya ta ce ba komai. Ranar zuwa likita ta zo, ta ce ba inda za ta.

Nan ne na ga gaba kura baya siyaki. In ƙwan sun mutu, ta tafi ƙauye ta faɗi ba kowa. In an ci gaba a haka, a gabana za ta faɗi. Wallahi akwai lokacin da jakar na cikina, Inna na bayan ɗaki, na ji zuciyata na ce mini in matse su kawai kowa ya huta, in ya so in ɗaure ta da igiya in hana ta tafiya. Na ji ƙarar sandarta tana dawowa, na miƙa mata jakar ban yarda mun haɗa ido ba.

Maigidana ne ya je ya roƙi majon likitar Gure, ya ɗauko shi a bayan babur. Ya ga jaka a hamata ya tambaya, aka gaya masa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya ɗaura abin awo a hannun dama ya duba, dariyar ta ɗauke. Ya ce, “Inna, tansiyonki ya hau sosai. Yau ɗin nan sai kin kwanta kin yi barci, in ba haka ba ba ruwana.” Da ƙarfi ya faɗa, yadda suke yi wa tsofaffi. Inna ta ce, “Gobe.” Ya ce ba gobe. Ta ce to jibi. Ya dube ni, na dube shi, ya bar magani ya tafi.

Katangar da ta kai wa kaza kukan ƴaƴanta ita ta kai wa maƙwabciya maganar majo. Ana kiran magariba sai ga sallamarta. Tun ranar karto ba mu yi magana ba. A tsaye ta ce, “Inna, kazar nan fa in duhu ya yi randa take komawa, ta kwanta kan ɗiyanta har safe ba ta motsi. A kawo su in tura mata ƙarƙashi. Da asuba kafin ta fito a ɗauko miki. Ita dare, ke rana.”

Na juya na dubi Inna. “Kin san da wannan?”

“Tun ba a haife ki ba.”

“To mi ya sa ba ki faɗa ba, kika zauna kina kashe kanki?”

“Bayan abin da bakinki ya gaya mata, da wane ido zan roƙe ta?”

Na so in ce ai ita ma ta gaya mini, amma na ga ba lokacinsa ba ne. Inna ta ciro jakar daga wuya ta miƙa wa maƙwabciya, ba ni ba. Na bi ta a baya da tocila kamar ƴar aiki. Kafin in dawo Inna ta mimmiƙe a katifa, ko sallar isha'i sai da na tashe ta.

Haka muka yi kwana biyu, asuba in je in karɓo, magariba in mayar. Ba ma doguwar magana da maƙwabciya, “ga su” da “to” ne kawai. Safiya ta uku ina tafe da jakar a cikina sai na ji wani abu ƙyas-ƙyas. Na tsaya cak a tsakiyar zaure na kara a kunne. Daga ciki ake ƙwanƙwasawa. Ban san lokacin da na ƙwala wa Inna kira ba.

Ɓawon ƙwan zabi tauri gare shi, ba kamar na kaza ba. Wunin ranar cur ana abu ɗaya. Ɗan rami ya fito a jikin ɗaya, sai shiru, har in ce ya mutu, sai kuma a ji motsi. Na ce bari in ɗan ɓare masa da farce, Inna ta buge mini hannu. Ta ce wanda aka fasa wa ba shi rayuwa. Ta mayar da su hamata ta jingina da bango ta rufe ido, leɓenta na motsi. Ban yi girki ba ranar, maƙwabciya ce ta miƙo mana tuwo ta kan katanga, daga baya ma ta zagayo ta zauna.

Bayan la'asar Inna ta buɗe ido ta ce, “Ɗaga hannun.” Na ɗaga. A cikin jakar ga wani abu jiƙe sharkaf, ya kife a kan ɓawonsa yana haki, ƙafafu ja-ja. Da ya bushe sai ga shi fari. Na biyu ya fito gab da magariba. Na ukun ya huda ɓawo ya fito da baki, a nan ƙarfinsa ya ƙare. Inna ta riƙe shi a hannu har ya huce, sannan ta ba ni ta ce in binne shi gindin bango, kada in jefar.

Na zauna ina jira ta ce wani abu a kan zama ko tafiya. Bakwai ta kawo, biyu suka fito, ban sani ba ko a lissafinta biyu sun isa. Ta sa su a cinya tana shafa su da ɗan yatsa, sai ta dubi maƙwabciya ta ce, “In sun yi ƙwari, ɗaya naki ne.”

Na ce, “Inna, biyu ne fa kacal! In kin ba da ɗaya ina irin?”

Ta ce, “Kazarta ta yi sati uku da ɗoriya, ni kwana nawa na yi? Haƙƙinta ne. Kuma katangar nan ku ta raba. Zabi tsallakewa suke.”

Maƙwabciya ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Ni na ƙule, na tashi zan fita, har na ɗaga ƙafa zan tsallake ƙunshin nan kamar kullum. Sai Inna ta ce, “Tsaya. Kwance shi.”

Na tsugunna. Ƙullin ya yi tauri saboda haƙori da aka yi ta ja da shi, sai da na sa nawa haƙorin. Ta ce in duba can ƙasa. A ƙarƙashin zannuwa da carbi da ƴar tasarta na tarar da wani ɗan kasko baƙi, baki a gutsure, da ƴan tsakuwa a ƙulle cikin tsumma. Na gane shi. A cikinsa ƴan zabinta ke shan ruwa tun ina yarinya, tsakuwar kuma don kada su faɗa su nutse.

Na ce, “Sauran kayan fa?” Muryata ba ta fita sosai ba.

Ta ce, “Zuba su a akwati mana. Ko so kike gara ta cinye mini zannuwa a ƙasa?”

Na ɗauki kaskon na fita. Ban kai randar ruwa ba na durƙushe a bayan ɗaki na yi kukan da na yi wata guda ina riƙewa, kuka sosai, har da majina. Ina cikin yi na jiyo ta daga ɗaki tana ɗaga murya, wai in yi sauri, kuma kada in kawo musu ruwa mai sanyi.